Kifin Rafin Alder

Da faɗa suka soma. Corinne, ma'aikaciyar da aka tura ta duba ko dokar hana saran itatuwan bakin ruwa ta dawo da kifin salmon, ta iske wani dogon saurayi yana tsinke jajayen ƙyallayen da ta ɗaura a rassa.

"Kai malam! Alamar ramukan ƙwan kifi ce fa!"

"Wallahi na ɗauka ta yaranmu masu sara ce," in ji saurayin, mai suna Dell, yana sosa ƙeya. Ya mayar da su duka a karkace, idonsa na kanta.

Kafin sati ya zagayo saƙon Dell ya fara shigowa wayarta: "Kifina, kin ci abinci? Ni dai na kasa."

Ta amsa: "Mai gatari, ci abinka, ina nan."

Matsalar ita ce mahaifinsa, tsoho Halvorsen, wanda dokar ta rufe wa injin katako. Ga shi ya riga ya yi wa Dell sha'awar 'yar abokinsa.

Da Dell ya ce Corinne yake son ya aura, tsohon ya ce, "Sun ce mu bar itace don kifi ya dawo. Ina kifin? In na gani da idona, ka aure ta."

Kaka ta yi, ruwa ya sauka. Wata safiya Corinne ta kira. "Dell, kawo Baba! Yanzu!"

Rafin Alder ya yi ja da kifi, suna bugun tsakuwa da wutsiya a inuwar itatuwan da aka hana shi sarewa. Rabon tsohon da ganin haka tun yana ɗan makaranta. Bai san lokacin da ya faɗa ruwa da takalmansa ba.

"Baba, fito!" Corinne ta daka masa tsawa. "Kan ƙwai kake tsaye!"

Dell ya dafe kai. Ba a taɓa ɗaga wa mutumin nan murya ba.

Tsohon ya ja da baya a hankali, yana ɗaga ƙafa kamar mai tsallake jariri. Da ya hau gaɓa idanunsa sun cika.

"Yau kike neman yardata, amma kika zaɓi ƙwan kifi?"

"Ka yi haƙuri, Baba. Ko gobe haka zan yi."

Ya fashe da dariya, ya damƙi kafaɗar ɗansa. "Maza aure ta kafin ta kore mu duka!"

Da bazara aka ɗaura aure, dangi suka cika gari. Tsohon ya riƙe hannuwansu biyu.

"Allah ya ba ku zuri'a," ya ce. "Na san dai ba mai taka min jikoki."