Sai Raga Ta Sauka

"Fitar min daga rumfa."

Marlee Tackett ta tsaya cak, kofin shayi mai ƙanƙara da ta kawo wa saurayinta Coy Hensley a hannunta. Mama Lorna, mahaifiyar Coy kuma mai motar da yake tsere da ita, ba ta ɗaga murya ba. Tafin hannunta kawai ta buɗe a gaban fuskar yarinyar.

Ɓawon gyaɗa ne.

"A kan kujerarsa aka samu," in ji ta. "A kan kujerar ɗana, ranar tsere."

"Mama, ni ban..."

"Kar ki ce min Mama."

A wajenmu, a filin tsere na Cutter Ridge, kana iya zagin direba har kakanninsa a yi dariya a wuce, amma ba ka isa ka shiga rumfunan gyara da gyaɗa mai ɓawo ba. Ka tambayi dalili, kowane tsoho da nasa labarin, ba wanda ya yi daidai da na wani. Mama Lorna dai tana da nata. Ranar da mahaifin Coy ya mutu a wannan filin, an share ɓawon gyaɗa a inda motarsa ta kwana. Ga shi kuma duk cikin 'yan matan garin, ɗanta bai ga wadda ta yi masa ba sai 'yar Dwight Tackett, mai sayar da dafaffiyar gyaɗa a bakin ƙofar filin.

"Ni fa da idona na gan ta da safe," in ji Shawna Pruitt, tana jingine da motar tana gyara gashi. "Da rigar aikinta ma ta shigo, mai aljihun nan."

Shawna 'yar mai shagon taya ce, sunan ubanta ne rubuce ɓaro-ɓaro a ƙofar motar, kuma ita Mama Lorna ta daɗe da zaɓa wa ɗanta. Shawna ta san haka, shi ya sa take jingina da motar kamar gadonta.

Coy ya fito daga bayan tirela, hular kwano a hammata. Ya dubi hannun mahaifiyarsa, ya yi dariya, ya leƙa ta tagar motar ya kakkaɓe kujerar. Amma Marlee ta ga yadda hannunsa ya ɗan dakata kafin ya taɓa.

"Rabin raina, kin shigo da safen?" ya tambayi Marlee.

"Na shigo... safar hannunka na kawo, wadda na ɗinke."

"Da gyaɗa a aljihu?"

Ta so ta ce a'a. Tun asuba take kwashe gyaɗa daga tukunya, ina za ta iya rantsewa a kan abin da ke cikin aljihunta?

"Ban sani ba, Coy," ta faɗa. "Ban sani ba... Don Allah kar ka hau yau."

"Yau ne fa tseren ƙarshe, kuma ni ke gaba a maki."

"Don Allah."

"Ɓawo ne kawai, 'yar gyaɗata. Ki jira ni a ƙofa in an tashi, ina da magana da ke."

Ya saka hularsa. Mama Lorna ta nuna wa Marlee hanya da haɓa, ita kuma ta fita da kofin shayin a hannu, ba ta ma tuna ta ajiye ba.

Lahadi ce, bayan an taso daga coci, rana ta take, benci ya cika har sama. Babanta ya riga ya rufe tukunya ya hau wurin zamansa na kullum, shi da amininsa Buck Ledford. Buck ya manna ƙaramar rediyo a kunne yana bin wasan ƙwallo, don mutanen nan ba su iya baƙin ciki ɗaya a lokaci guda ba, sai sun haɗa biyu.

"An sake cin mu," in ji Buck.

"Ai na faɗa maka," in ji Dwight. "Kocin nan ko garken kaji ba zan ba shi ba. A kore shi, a kori wanda ya ɗauko shi."

"Makon jiya kai ka ce ba a taɓa yin kamarsa ba."

"Makon jiya ai mun ci." Ya juyo ya ga 'yarsa. "Ke kuma fa? Wa ya mutu?"

"Ba komai, Baba."

"Kin je rumfar Hensley ko? Na hana ki, ba kya ji. Yaron da bai iya shan kwana ba, ya iya riƙe mace? Ƙafa ce da shi kamar dutse a kan totur, kai kuwa ba komai a ciki."

Dwight mutumin Harlan Goins ne, direban mota lamba tara, tun Harlan yana da gashi a ka. A ganinsa duk wanda ya taɓa wuce Harlan a fili ɓarawo ne, Coy kuwa ya wuce shi har ya gaji.

Aka kaɗa koriyar tuta, tsere ya fara. Ƙarar injuna ta cika filin har benci na girgiza. Marlee ta zura hannu cikin aljihunta, ta juye shi waje, ta lalube shi kusurwa-kusurwa. A can ƙasan ɗinki yatsanta ya ci karo da wani ɗan guntun ɓawo.

Ta zaro shi ta ƙura masa ido.

To ita ce? Ita ta kai masa? Ita da ta sha yi wa camfin nan dariya tun tana makaranta, yau ga ta tana roƙon Allah a kan ɓawon gyaɗa, tana ƙirga laifinta, tana ganin fuskar Mama Lorna ranar da aka binne mijinta. Tsoro ne ya kama ta, irin wanda ba ya jin hujja.

"Kalle shi, kalle shi," Dwight ya miƙe yana nuna motar Coy. "Zai sake matse Harlan. Alƙalan nan makafi ne? Da wani ne da tuni an ɗaga masa baƙar tuta an fitar da shi."

"Harlan ne ya tsufa, Dwight, ka yarda kawai."

"Kai ma ka tsufa, an jefar da kai?"

Jar motar Coy mai lamba hamsin da biyu ta bi ta waje, ta jera da ta Harlan, suka shiga kwanar da ke gaban rumfuna kafaɗa da kafaɗa. Ba wanda ya yarda ya sassauta.

"Ga shi nan, zai kashe kansa a banza," in ji Dwight.

Bai rufe baki ba tayar Harlan ta fashe. Motarsa ta zame ta daki gindin ta Coy, jar motar ta juya ta yi karo da katanga, ta tashi sama, ta wuntsila, ta sake wuntsilawa, sannan ta faɗo a kan tayoyinta tana hayaƙi.

Aka ɗaga jar tuta. Injuna suka mutu ɗaya bayan ɗaya.

Motocin nan ba su da gilashi a gefen direba, raga ce ake ɗaurawa a tagar. Kowane yaro a garinmu ya san ƙa'ida: in direba ya yi haɗari, yana da rai kuma yana cikin hankalinsa, abu na farko da zai yi shi ne ya kwance ragar nan ya sake ta. Da ita yake gaya wa duniya cewa yana nan. Harlan ya saki tasa nan take, ya fito da rarrafe don wuta ta kama ƙasan motarsa, 'yan kwana-kwana duk suka yi kansa.

Ragar Coy tana nan a ɗaure.

Buck ya kashe rediyo. Dwight ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

"Baba..."

"Je ki," ya ce, bai dube ta ba. "Je ki, 'yar nan, yi sauri."

Ba ta san yadda ta sauka daga benci ba. Mai gadin ƙofar rumfuna ya gan ta ya kauce. Tana isa bakin shingen waya ta ji ihun Shawna, wadda ta durƙushe a ƙasa tana dukan cinyarta.

"Ni na zuba ɓawon! Na ɗauka duka za a share! A kan kujera kawai na so a gani... sauran a ƙarƙashi suka zube, hannuna bai kai ba. Ni ba haka na nufa ba, ita kawai na so a kora!"

Makanikai suka dube ta, suka kau da kai. Ba wanda yake da lokacinta. Ko Marlee, da maganar ta wanke ta tas, ba ta ji wani sanyi ba. Wane amfani wankewa za ta yi mata in ragar ba ta sauka ba?

Mama Lorna tana tsaye a bakin shingen, amma ta ba filin baya. Idonta a rufe gam, leɓenta na motsi. Marlee ta zo za ta wuce, sai matar ta cafke wuyan hannunta kamar mai nutsewa a ruwa.

"Waye?"

"Ni ce... Marlee."

Ta ɗauka za a hankaɗe ta. Riƙon sai ƙara ƙarfi ya yi.

"Ba zan iya dubawa ba," in ji Mama Lorna a hankali. "Na taɓa tsayawa a nan na duba, ba ta sauka ba. Ke duba min."

Marlee ma ba ta son dubawa. So take ta rufe ido ta durƙusa kamar Shawna. Amma ta kama wayar shingen da ɗaya hannun, ta tilasta wa kanta kallon tagar.

"Ta sauka?"

"Tukuna."

"Yana motsi?"

"Hayaƙi ya tare... ba na gani."

Wani ma'aikaci ya bar wutar Harlan ya ruga wajen jar motar. Filin ya yi tsit, har kana jin kukan jariri daga can saman benci.

"Coy," Marlee ta faɗa ƙasa-ƙasa, hawaye na shiga bakinta. "Kai ka ce in jira ka. Ga ni. Masoyina, ga ni..."

"Yanzu fa?"

"Tukuna, Mama."

Wannan karon ba a hana ta faɗin sunan ba.

Iska ta ɗan kore hayaƙin. A saman tagar ta hango wani abu baƙi yana lalube. Safar hannu ce, ta dama, ta miƙo daga ɗaya gefen da ƙyar. Ta kama ƙarfen da ke riƙe da ragar ta suɓuce. Ta sake kamawa.

Ragar ta faɗo.

"Ta sauka! Mama, ta sauka!"

Benci ya ɓarke da sowa, har da mutanen Harlan. Mama Lorna ta rungume Marlee, suka zube tare a ƙasa suna kuka, kowacce ta riƙe 'yar'uwarta.

A kan gadon ɗaukar marasa lafiya aka fito da shi, kafaɗar hagu a karye, jini a leɓe. Shi ya sa ya daɗe, da hannun dama ya yi ta fama. Yana ganinta ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Na ce a ƙofa za ki jira ni."

"Yi shiru, Coy."

"Maganar da na ce ina da ita... a tsaye na so in yi, da kofin nasara a hannu. Za ki aure ni a haka?"

Ta ɗaga kai alamar ta yarda, tana share masa jini da bakin rigarta.

Dwight ya iso yana haki, ido jawur, hula a murɗe a hannu.

"Na faɗa ko ban faɗa ba? Wa ke bi ta waje a wannan kwanar? Mahaukaci kawai." Ya ja majina, ya dafa ƙafar Coy. "In ka warke ka zo gida ka tambaye ni yadda ya kamata. Amma ka sani ni dai Harlan nake yi, ko jikoki goma ka ba ni."

"Na ji, Baba."

Aka tura shi cikin motar asibiti. Marlee ta ja baya don ta ba mahaifiyarsa hanya, amma Mama Lorna ba ta hau ba. Ta dubi yarinyar sama da ƙasa, ta gyara mata gashin da ya manne a kumatu.

"Na zalunce ki ɗazu. Ki yafe min."

"Ba komai, Mama."

"Kin san ba zai daina ba, ko? Kafaɗar nan na haɗewa zai koma. Ubansa ma haka yake."

"Na sani."

"Kuma kina so a haka?"

Marlee ta waiga ta ga jar motar ana jan ta da sarƙa, rufin ya lotse har kusa da kujera. Ta san daga yau kowace Lahadi a bakin shingen nan za ta riƙa tsayawa cikin fargaba.

"Ina so."

Mama Lorna ta kama hannunta ta ɗora a kan ƙarfen ƙofar motar asibitin.

"To hau, 'yata. Ni idona ya gaji. Daga yau ke za ki riƙa dubawa, ki gaya min."