Sifikar da Ke Kallon Ƙasa

Ana idar da sallar magariba aka kawo wuta a unguwar Makera. Yara suka yi ihunsu na kullum a waje, Maimuna ta tashi ta jona firji, shi kuwa mijinta Anas ya durƙusa gaban akwatin katakon da ya daɗe yana haɗawa a falo, ya danna makunnin amfilifaya, injin ƙara ƙarfin sauti.

Ba don kansa ya haɗa ba. 'Yarsu Khadija tana ƙarama sanƙarau ya kama ta, ya bar ta da rai, ya tafi da jinta. Maganar ma a hankali ta bi, yau wannan kalma ta ɓace, gobe waccan, har gidan ya saba da shiru. Iyayen sun yi kuka har kukan ya ƙare, suka ci gaba da zama haka nan, ba daɗi ba ɗaci. Sai wata rana motar 'yan biki ta wuce da kiɗa, Anas ya ga yarinyar ta ɗora tafin hannunta a ƙofar ƙarfe tana murmushi. Ashe abin da kunne ya rasa, jiki na iya samu. Daga ranar ya ƙudurta sai ya haɗa mata wufa, sifikar nan mai dukan ƙirji, don ita ma ta ji wani abu in an kunna fim.

Shekari, mai sayar da kayan sauti a Kakuri, bai ɓoye masa gaskiya ba.

"Anas, ɗauki mai inci goma da 'yar amfilifaya daidai ita. Wannan babbar ta coci ce da 'yan biki, ba ta falo ba."

"Ita nake so."

"Ka haɗa ta da waccan ƙatuwar amfilifayar, wallahi sai ta kwance maka kwanon rufi."

"Ba kunne nake nema ba, Shekari. Ƙasa nake so ta motsa."

Shekari ya ɗaga kafaɗa ya ce to, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Anas ya kwaso mai inci sha takwas da amfilifaya mafi ƙarfi a shagon. Kuma da ya zo ɗaura ta a akwati, sai ya kifa fuskarta tana kallon siminti, don girgizar ta bi ƙasa ta iske ƙafar yarinyar.

Da ya kunna, kusan ba a ji komai ba. Kofuna ne kawai suka fara haɗuwa a cikin kabad, iskar ɗakin ta yi nauyi. Khadija tana tsaye ba takalmi, ta dubi ƙafafunta, ta dubi ubanta, ta yi dariyarta marar sauti. A lokacin ne dutse na farko ya faɗo a kan rufi.

Anas ya fita, bai ga kowa ba. Washegari da almuru ya sake kunnawa, duwatsun suka sake zubowa, wannan karon har tsakar gida, kuma in ka ɗauki ɗaya sai ka ji shi da ɗumi. Maimuna ta buɗe tukunyar tuwo ta tarar da yashi. Daga baya, ko an ɗauke wuta, akwatin yakan yi wani nishi shi kaɗai, irin na tsohuwa mai ciwon baya.

"Baban Khadija," in ji Maimuna da murya ƙasa-ƙasa, "a kashe abin nan."

"Yaran unguwa ne."

Ya san ba su ba ne, ita ma ta san ya sani. Amma mutumin da ya yi shekara da shekaru bai ga haƙoran 'yarsa ba, wa zai iya da taurin kansa? Maimuna ta ci gaba da share duwatsu kowace safiya kamar yadda take share ganye.

Wata ranar Talata, rana ta yi ja, ladan yana gyaran murya, Khadija ta taka ta tsaya a gaban akwatin. Ta juyo, idanunta a buɗe amma ba kowa a cikinsu.

"Ya isa," ta ce.

Muryarta ce. Ta girma, ta ɗan yi kauri, amma ita ce. Faranti ya suɓuce daga hannun Maimuna. Anas kuwa bai ji tsoro ba, bai ji daɗi ba, ya dai tsaya da waya a hannu kamar an dasa shi.

Aka ɗauko Malam Usman daga Tudun Wada, dattijo mai ruƙiya, marar yawan magana. Ya zo bayan la'asar, ya sa aka zaunar da yarinyar a tabarma, ya fara karatu a hankali. Ya daɗe yana yi. Inuwa ta cinye tsakar gida kafin jikin Khadija ya sandare.

"Wane ne kai?" in ji Malam. Amsa ta fito ta bakin Khadija.

"Wace ce dai. A ƙarƙashin ɗakin nan muke tun kafin a gina masaƙar unguwar nan. Mun haƙura da injinanta har suka mutu, muka samu barci. Sai wannan ya zo ya kifa mana bakin tsawa a ka."

"Don haka kika shiga yarinyar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba? Ki ji tsoron Allah."

"Mun yi jifa, bai ji ba. Ku ba kwa jin abin da akwatin nan ke faɗa, mu muke ji. Ina da jika. Yanzu sai in kira ta, ba ta waiwayowa."

Anas ya san wannan kiran. Ya yi shi a bakin gadon asibiti, ya yi shi a wannan falon, har ya daina.

"Ki fita," in ji Malam, "za a kashe."

"Zan fita. Amma bari in yi ciniki da uban." Kan yarinyar ya juyo wajen Anas. "In ka so, sai mu kwashe yaranmu mu bar maka ƙasan, ka kaɗa abinka yadda ka ga dama. Ni kuma in zauna a nan. Kullum za ka ji wannan muryar." Sai muryar ta yi laushi, ta koma ƙarama. "Baba."

Maimuna ta toshe bakinta da mayafi.

"Anas," in ji Malam, bai ko ɗaga kai ba, "ba ita ba ce."

Anas ya daɗe yana kallon bakin 'yarsa. Wallahi ya so. Ya so har ƙirjinsa ya yi zafi. Sannan ya miƙe, ya ɗauko sukundireba, ya kwantar da akwatin, ya fara kwance babbar sifikar, ƙusa bayan ƙusa.

"Je ki wajen jikarki," ya ce. "Ki ba ni tawa."

Malam ya karɓi alkawari daga ɓangare biyu: ba sauti da zai sake kallon ƙasa a gidan, ita kuma ba za ta sake taɓa kowa ba. Khadija ta yi atishawa mai ƙarfi, ta langaɓe a jikin uwarta. Da ta farka ta dube su, ta nuna da hannu tana son ruwa.

Anas ya mayar wa Shekari kayansa, ya karɓo mai inci goma da 'yar amfilifayarta. Ya ɗaura ta a ƙarƙashin benci tana kallon sama, ya sa guntayen taya a ƙafafun bencin don kada komai ya sauka ƙasa. A kai Khadija ke zama yanzu. In fim ya kai wurin tsawa, takan kamo hannun ubanta ta ɗora a katakon, ta dube shi, shi kuma ya gyaɗa kai. Dutse bai sake faɗowa ba.

Ranar da ya mayar da babbar, ya kai bakin ƙofar shagon sai ya dawo.

"Shekari, ka yi mini abu ɗaya. Ko na zo ina roƙonka, kada ka sake ba ni ita."

Shekari bai tambayi dalili ba, ya ce ya ji.

Ya kuwa je roƙon, ba sau ɗaya ba, yawanci in rana ta yi ja, irin lokacin da ya ji muryar 'yarsa. Shekari yakan jawo masa kujera, ya sayo masa ruwan sanyi, ya ce an sayar.