Harshen da Inna Ta Ɓoye

Maijidda na bakin murhu tana tuƙa tuwo, mahaifinta Malam Hamidu ya shigo daga masallaci. Ko zama bai yi ba.

"Ke Maijidda! Wane na Tahirun ga da an ka ce kuna yawon ƙauyuka tare?"

"Baba, ba yawo ba ne. Jami'a ke tura mu. Duk Asabar muna zuwa ƙauyukan Cadawa da Gazawa muna koya ma manya karatu, ni mata, shi makiyaya, don ɗan ruga ne. Ajinmu ɗaya a sashen harsuna, can Maraɗi. Kuma... yana son ya turo magabatansa."

"Daga ruga? Kin mance shanun da sun ka cinye mini gero bara, saura kwana goma girbi? Ba ni ba Bafillace ɗiyata! Na gama magana!"

Mahaifiyarta, Inna Zainaba, na ƙofar ɗaki tana tsintar wake. Ba ta ɗaga kai ba, hannunta dai ya tsaya cak cikin faifai. Ita ma 'yar ruga ce. Shekara talatin ke nan da aka kawo ta Gidan Rumji, dangin miji suka yi ta dariyar Hausarta har ta bar Fillanci baki ɗaya, ko 'ya'yanta ba ta koya wa ba.

Ranar Litinin bayan darasi, Maijidda ta gaya wa Tahiru komai, tana kuka. Da ta gama, ya ce:

"Ba zan raba ki da mahaifinki ba, Maijidda. Zan roƙi mushen namu, malamin da ke tura mu, ya canza mini ƙauye. Mu yi haƙuri."

"Haƙuri har yaushe, Tahiru?"

"Wallahi ban sani ba."

Wata biyar suka yi a haka. Aji ɗaya, ba magana sai gaisuwa. Takan zauna a baya, malami na bayani, ita ko ta kasa rubuta layi ɗaya a kaye, littafin rubutunta.

Wata safiya ana tsakiyar darasi wanta Rabilu ya kira ta. "Ki taho maza! Inna ta faɗi!"

Ɓarin jiki ne ya shanye. Bayan sati biyu a asibiti aka maido ta gida. Da bakinta ya buɗe, sai ga shi ba Hausa ko kalma ɗaya, Fillanci tsantsa! Gwaggonni suka ce iska ce. Maijidda ta ce, "Ba iska ba ce. An koya mana a aji, ciwon nan kan tafi da harshen da mutum ya koya da girma, ya bar masa na goyo."

Kwana uku Inna na riƙe rigar mijinta tana maimaita magana ɗaya, hawaye na zuba, ba mai ganewa. Masu tallar nono kuwa tun rikicin gonar suka daina shiga gidan. A rana ta huɗu Malam Hamidu ya dubi ƙasa ya ce, "Kira yaron nan."

Kafin azahar Tahiru ya iso bisa moto. Ya durƙusa gefen tabarma ya gaishe ta da Fillanci. Inna ta zuba masa ido, ta damƙe hannunsa, magana ta ɓalle mata kamar ba za ta tsaya ba.

"Ƙanwarta Suwaiba take nema, Baba. Shekara ashirin ba su ga juna ba." Nan Tahiru ya tsayar da fassarar.

Malam Hamidu ya ce, "Saura. Na ji ta ambaci sunana. Faɗi yadda ta faɗa!"

Tahiru ya sunkuyar da kai. "Ta ce ba ku taɓa barin ta da yunwa ba, ba ku taɓa ɗaga mata hannu ba. Amma duk ranar da kuka zagi Fulani a tsakar gida, ita kuka zaga. Ta ce ta yafe."

Malam Hamidu ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Maijidda ba ta taɓa ganin kukan mahaifinta ba sai ran nan.

Tahiru ya bar darussa ya shiga daji. Makiyayan da yake koya wa karatu suka yi ta nuna masa hanya, ruga bayan ruga, har ya samo Suwaiba kudu da Gazawa. 'Yan'uwan biyu suka yini suna hira, suna kuka, suna dariya. Kwana biyu bayan haka Allah ya yi wa Inna rasuwa.

Ranar sadakar bakwai Malam Hamidu ya ja Tahiru gefe.

"Cikin maganganunta, ta yi batun aurenku?"

"A'a, Baba. Ba ta yi ba."

"Da ka ce ta yi, wa zai ƙaryata ka?"

"Allah na ji, Baba. Amanar bakinta kuka ba ni."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. "In kun ƙare karatu, ka turo manyanka."

Bayan shekara guda, da suka karɓi digirinsu na lisans, aka ɗaura aure. Suwaiba ce ta tsaya a matsayin uwa, ta yi wa amarya nasiha da Fillanci, ƙawayen amarya 'yan ruga na fassarawa. Maijidda ta sha kuka ranar, don farin cikin ya zo ba Inna.

Tahiru bai samu matarsa da wayo ko tsaurin ido ba, haƙuri da gaskiya suka ba shi ita. Malam Hamidu kuwa har yau yakan gaya wa samari a ƙofar gidansa cewa kada su raina asalin kowa, domin shi ya yi, bai san wadda yake yi wa ciwo ba sai da lokaci ya ƙure.