Fakon Malam Sha'ibu

"Jakar wa ta wagga?"

Nasiba ta sauke bidon ruwan da ta ɗauko daga fanfo, ta kafe jakar da ido. Sabuwa ce fil, baƙa, an ɗaure ta a bayan babur ɗin Mahfuzu. Duk yarinyar da ta tashi a Garhanga ta san irin jakar nan. Ba a sayen ta don zuwa kasuwar Tamaske.

Mahfuzu ya sosa ƙeya. "Nasiba, tsaya ki ji..."

"Na tsaya. Abijan ko Libiya?"

"Abijan. Yaya Hafizu ya samo min wuri shagonsu. Baba ya ce da an gama girbin bana in tahi."

"Shekara nawa?"

"Biyu... ko ukku."

"Haka babana yac ce."

Nasiba na da shekara uku mahaifinta ya tafi biɗa, wato cin rani, a Abijan. Sau biyu ya leƙo gida, na uku saƙon rasuwarsa ne ya iso. Mahaifiyarta ta yi ta jira har ƙuruciyarta ta ƙare, daga baya ta yi aure a Buza. Nasiba kuwa a hannun kakarta, Inna Tabawa, ta girma.

"Za a ɗaura muna aure kahin in tahi, sanyin idona..."

"A ɗaura min da wa? Da salula?" Hawaye suka cika mata ido. "Ina son ka, Mahfuzu, Allah shaida na. Amma ba ni zama in tsuhwa ina jiran ƙarar waya!"

"Kina zaton ni ina son tahiyar? Baki goma ag gidanmu, rumbu na ƙarewa tun ba a yi shuka ba. Na roƙi Baba shi ba ni hwakon bayan gari in gyara. Yay yi dariya, yac ce in hwakon ga ya ba shi dami ashirin na hatsi bana, in zauna."

"Kai mi kac ce?"

"Na ce to."

"To jakar hwa?"

"Shi yas sayo ta, ranar nan take. Ya ce shi ya san hwakonshi."

Kuma gaskiya Malam Sha'ibu ya san fakonsa. Ƙasa ce ja, mai tauri kamar daɓen ɗaki, ruwan sama na sauka a kanta ya wuce abinsa bai ko yi sallama ba. Rabon da a yanki zangarniya a wurin tun zamanin kakan Mahfuzu.

Sai dai saurayi in yana so, ba ya jin magana. Ana tsakiyar zafin rani Mahfuzu ya ɗauki diga ya fara ginar tassa, ramukan nan da ake haƙawa jere a busasshiyar ƙasa, a zuba taki, su tare ruwa in damina ta faɗi. Sati biyu yana yi shi kaɗai. Da ya ga aikin ya fi ƙarfinsa, sai ya kira gayya. Aka dama fura, aka yi tuwo, aka kira makaɗi.

Kai, Mahfuzu! Wa ke kiran gayya da rani a Garhanga? Samari duk sun watse biɗa, wasu Kwatano, wasu Agadas. Tsofaffi huɗu ne suka zo. Suka cinye tuwon tas, suka yi masa addu'a mai tsawo, suka koma inuwa.

Da labarin ya iso wa Nasiba, ba ta san lokacin da ta kama hanyar ruga ba. Can ƙawarta Jaratu take, Bafillatana mai kawo nono cikin gari. Tun suna ƙanana suke tare, in ɗaya ta yi kuka sai ɗayar ta taya ta, sannan ta tambayi dalili.

Jaratu ta saurare ta tana kaɗa nono, sai ta fashe da dariya.

"Dariya ma kika yi?"

"To ba dole ba? Ya kira waɗanda ba su nan, ya bar waɗanda ka nan! Garin ga cike shike da mata, ƙawata. Wa ka ɗaukar itace? Wa ka ɗibar ruwa? Ki kira su. Taki kuwa ki bar min, ni ka yi ma maigida magana shanunmu su koma kwana kan hwakon. In an yi girbi a bar muna kara."

Nasiba ta rungume ta har nonon ya kusa kifewa. Amma da ta dawo gida ta faɗa wa kakarta, tsohuwa ta haɗe fuska.

"Ba ki da kunya? Ko goro ba a kawo ba, ki tahi gonar surukai da diga a kahwaɗa? Mi mutane za su ce da tarbiyyar da niy yi miki? Ban yarda ba!"

"Inna..."

"Na ce ban yarda ba."

Nasiba ba ta taɓa mayar wa kakarta magana ba. Ranar dai ta durƙusa a gabanta.

"Inna, ke kir raka babana tasha. Ke kig ga zaman da uwata tay yi. Shi kike so in gada?"

Inna Tabawa ta juya fuska wajen bango, ta daɗe tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba. Nasiba ta yi nadamar maganar, don ta san inda ta taɓa.

Da safe tana shara sai ta ga tsohuwa ta fito da sanda da buta.

"Ajiye tsintsiyar ga. In kin tahi ke ɗai, abin kunya na. In ni ag gaba, aikin gari na. Wuce mu bi gidaje."

Wa zai ce wa Inna Tabawa a'a? Da ƙuruciyarta tana cikin matan da suka yi dakon duwatsu a ka, suka jera su a tuddan Keita don tare ruwa, har itatuwa suka dawo inda aka fid da rai. Ranar Talata mata ashirin da bakwai suka hau fako, wasu da goyo, wasu da diga, wasu da tsohon kwano kawai.

Mahfuzu ya tare su baki buɗe. Ya nuna ramukansa da alfahari, ɗari huɗu cif, kowanne da tudun ƙasarsa a gefen gabas.

Inna Tabawa ta duba, ta sake dubawa.

"Wa yay yi wagga ɓarna?"

"Ni na, Inna... Ai hadari daga gabas shika tasowa. Na sa ƙasar can don iska kada shi cika ramun da rairayi."

"Iska! Kai da ruwa kake aure ko da iska? Zo nan, miji na banza."

Mata suka kwashe da dariya. Tsohuwa ta tsiyaya ruwan butarta a ƙasa. Kowa ya zuba ido. Ruwan ya taho a hankali daga gabas, ya iso tudun da Mahfuzu ya tara, ya rabu biyu, ya zagaye ramin ya wuce. Ko ɗigo bai shiga ba.

"Ka gani? Hwakon ga gangarenai yamma shike. Ka gina ma ruwa ɗaki, kuma ka toshe ƙohwa. Ƙasa can ƙasan rami aka tara ta, ruwa shi shigo shi rasa hanyar hita."

Mahfuzu ya zauna dirshan, ya riƙe kai. Ramuka ɗari huɗu! Nasiba ta ji kamar ta yi kuka don tausayi, ta kuma ji dariya na cin ta. Ta matsa kusa da shi, ba ta kalle shi ba saboda idon mutane.

"Tashi, abin ƙaunata. Rami dai ka gina shi daidai. Tudu na kawai za mu juyawa."

"Hannuwanki za su ɓaci, Nasiba."

"Su ɓaci. Ka san abin da ban iya ɗauka."

Haka aka fara. Kowace Talata da hantsi fako ya cika. Inna Tabawa na gaba da buta tana nuna hanyar ruwa, mata na jera duwatsu a bayanta. Salma, wadda mijinta ya shekara biyar a Libiya, ita ce zabiya, tana ƙirƙiro waƙa nan take a kan duk wadda ta yi lalaci. Shanun su Jaratu suka koma kwana a wurin, da safe a bi da kwano ana kwasar taki ana zuba wa kowane rami tafi biyu. In rana ta take, sai a taru ƙarƙashin aduwa ɗaya tilo, Jaratu ta dama fura da nono mai sanyi, ludayi na yawo hannu zuwa hannu. Matan da suka saba zaman jiran waya kowa a ɗakinta, sai ga su suna dariya har da riƙe ciki.

Ranar da Mahfuzu ya ga gara ta cika ramukan, ya rugo a firgice.

"Inna, gara na cinye takin!"

"Bar ta, ma'aikaciyarka ta. Ita ka huda ƙasa ruwa shi shige. Wai kai mi anka koya maka makarantar lakwal?"

Malam Sha'ibu kan wuce ta gefe a kan jakinsa, ya ce, "Sannunku da aiki," ya girgiza kai. Jakar tana nan rataye a zaurensa, inda duk mai shiga zai gan ta.

Da aka gama fakonsa, Salma ta ce cikin wasa, "Saura nawa." Babu wadda ta ɗauke shi wasa. Talata ta gaba can aka nufa, Mahfuzu na gaba da diga. Kafin hadarin farko an taɓa gonaki huɗu.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, hatsi ya tsiro. Sai sama ta ɗauke. Kwana goma, kwana sha biyar, kwana sha tara babu ɗigo. A gonakin jigawa ganye ya naɗe, ya yi fari. Nasiba ta daina cin abinci. Ta kasa hawa fakon, don ba ta son ganin abin da zai raba ta da Mahfuzu.

Rana ta ashirin Jaratu ta shigo gidan ko sallama babu, ta fizge ta.

"Taho ki gani!"

"Jaratu, don Allah ki bar ni..."

"Wallahi sai kin zo!"

Suna hawa tudun Nasiba ta tsaya cak. Kore! Kowane rami da gungun hatsinsa tsaye, ganye shar, kamar ba a garin ake fari ba. Ta durƙusa ta tura yatsa cikin rami, ta ji danshi. Nan ta fashe da kuka, Jaratu na taya ta, wannan karon ta san dalili.

Bayan kwana biyu ruwa ya dawo.

Ranar girbi gari ya fito. Aka yanka, aka ɗaure, aka jera dammuna a bakin fako. Malam Sha'ibu ya sauko daga jakinsa, ya bi layi yana dafa kowanne da hannu. Nasiba na bayan kakarta, ta riƙe gefen zanenta kamar ƙaramar yarinya.

"Sha takwas... sha tara... ashirin."

Ya tsaya. Layin bai ko kai rabi ba.

Guɗa ta tashi, Salma ta cire ɗankwali tana juyi. Shi kuwa dattijon bai ƙara ƙirga ko ɗaya ba. Ya zauna a kan duwatsun da matan suka jera, ya zare zangarniya guda yana juya ta a hannu, gemunsa na jiƙewa da hawaye.

"Ina yaro nib biyo babana nan munka yanki hatsi," ya ce a hankali. "Na ɗauka ba ni sake gani." Ya ɗago ya dubi Inna Tabawa. "Inna, kun kunyata ni, kuma na gode."

"Ba ni za ka gode ma ba," in ji tsohuwa. Ta jawo Nasiba gaba, ita kuwa ta rufe fuska da mayafi.

Washegari da la'asar dattawa uku suka yi sallama a gidan Inna Tabawa. Sun zo da goro, sun zo kuma da baƙar jakar nan. Da Nasiba ta hango ta daga ɗaki, sai ta zaci batun tafiyar ne ya dawo. Da baƙin suka tafi ta fito da gudu, ta buɗe jakar.

Cike take maƙil da zangarniyar hatsi, zaɓaɓɓu, irin waɗanda ake ajiyewa don iri.

"Mi sunka ce, Inna?"

"Sun ce Malam Sha'ibu na neman ma ɗanshi aurenki. Ya ce kuma a hwaɗa miki, ke za ki ajiye irin baɗi, don jakar ga ta gama tahiya."

Bayan sati uku aka ɗaura aure, ranar Juma'a. Matan gayya ne suka yi rakiyar amarya, Jaratu na riƙe da hannunta mai kantar diga, wadda lalle bai iya ɓoyewa ba. Da jama'a suka ragu, Mahfuzu ya kama hannun nan ya daɗe yana kallo.

"Na ce miki za su ɓaci."

"Kai kuma ga ka zaune."

Ya yi dariya, idonsa ya kawo ruwa. Daga waje suka jiyo muryar Inna Tabawa tana sallama da mutane, ta ɗaga murya don a ji har cikin ɗaki.

"A hwaɗa ma ango da amarya, kwana bakwai munka ba su! Talata ta sama gonar 'yar gayyarmu Amira za mu, kowa shi zo da diga tai!"