Sukurun Bayan Rediyo

"Na ce kar ki taɓa!" in ji Kawu mai gyaran rediyo, yana laluben takalminsa.

"Haba Kawu, na karanta takardar rediyon tas fa!" in ji Auta. "Tashar nan ta nesa ce kaɗai ke ba da labarin direbobin da ambaliya ta tare. Har yau ba mu ji ɗuriyar Baba ba!"

"Sannu malama mai karatu. Sukurun nan shi ke daidaita murya. Tasha ta yi nisa ya ɗago ta, ta matso ya rage. Kika kwance shi, duk abin da ya tsinta a iska ɗagowa zai yi. Jira in dawo."

Jira? Auta da ko ruwan zafi ba ta bari ya tafasa!

Yana fita ta ɗauki sukudireba. Magariba ta kawo kai, shagon sai warin dalma da ƙonanniyar waya. Ta murɗa. Ta ƙara murɗawa, har sukurun ya faɗo.

Shuuuu. Ƙarar ta cika shagon kamar ruwa a kan kwano. Can ƙasanta, wata murya siririya.

"Auta..."

Muryar Baba ce! Ta rungumo rediyon. "Baba, kana ina?"

"Ga ni nan zuwa."

Shuuun ya fara raguwa, muryar na washewa. Har ta yi murmushi, sai ta tuna maganar Kawu. Ai sai abu ya matso ƙarar ke raguwa.

Warin laka ya shigo.

Shuuun ya ɗauke ɗif.

"Juyo mana," aka raɗa. Ba daga rediyon ba.

Iska mai sanyi ta taɓa ƙeyarta. Ta runtse ido ta kwasa, ta ture benci, sai a tsakiyar titi ta tsinci kanta, takalmi ƙafa ɗaya.

Washegari Baba ya dawo da ransa, laka har gwiwa. Sai dai babu murya. Da hannu ya nuna wa mutanen gida: tun jiya da magariba muryar ta ɗauke.

Auta ta ruga shago. "Kawu, mayar da sukurun!"

"Na mayar. Har batir na cire." Bai ɗago kai ba. "Amma tun safe rediyon ke tambayarki."

"To a ba ni Babana da muryarsa, ba shi nake so ba!"

Daga rediyon da ke kan tebur aka yi wata 'yar dariya, irin ta Baba sak.

Ta bugo ƙofar, garam, ta fice.