Allurar da ke Bayan Gorar Tukuɗi

"Wallahi Afrah kin canza. Dubi wuyanki fa!"

Jamilu ne ya faɗa, yana jingine da motarsa a ƙarƙashin bishiyar mangwaron da ke harabar gidan su Afrah a Nassarawa GRA. La'asar ce sakaliya. Bikinsu ya matso, har an raba kati.

"To ba haka ake so ba?" ta ce tana gyara mayafi.

"Wa ke so? Ni na ce miki ina so?"

"Ba sai ka faɗa ba."

"Sahibata, me kike ɓoye min?"

Ta kau da kai. Ta ina za ta fara?

Tun ranar da aka kawo lefe abin ya soma. Yayar Jamilu, Anti Bilkisu, ce ta haɗo kayan daga Dubai, ba ta ko tambayi awon amarya ba, ta sayo daidai jikin ƙannenta sirara. Afrah tana sama, don amarya ba ta zama wurin buɗe lefe, amma wata 'yar uwa ta ɗauki bidiyo ta turo mata. A ciki aka ɗaga rigar dina mai duwatsu, sai ga muryar Anti Bilkisu: "Allah dai ya sa ta shiga, don amaryar tamu masha Allah ce!" Mata suka kwashe da dariya.

Da ta gwada rigar, zif ɗin ya tsaya a tsakiyar baya.

Wata ƙawarta ce ta haɗa ta da wata mai sayar da abaya a Badawa. Matar ta zaro allurar rage ƙiba daga ƙasan akwatin kaya, cikin safa, ba takardar likita, ba lambar hukuma a jiki. "Ki tsira a cinya duk sati, 'yar nan. Kafin biki sai an tambaya ko ke ce."

A firij Afrah ta ɓoye ta, bayan gorunan tukuɗin da Umma ta sa mai gyaran jiki take haɗa mata don ta cika ta yi kyau. Umma na ɗura mata, ita tana zagayawa tana amayarwa. Da safen nan ma ta ƙara yawan allurar, don har yanzu zif ɗin bai kai sama ba.

"Afrah, magana nake miki... me ya sa kike gumi haka?"

"Ba komai... jiri ne kawai..."

Ta ga Jamilu ya zama biyu. Sai ta sulale.

"Umma! Umma, ku fito!"

Da ta buɗe ido a asibiti, ƙarin ruwa ta gani a hannunta, Umma na gefen gado idanu jajir. Wata likita na tsaye riƙe da allurar. Umma ce ta sa aka birkice ɗakinta da firij har aka gano ta.

"Sukarin jikinki ne ya faɗi ƙasa warwas," in ji likitar. "Abin da aka rubuta a jikin nan daban, abin da ya yi miki daban. Ba mu san me aka ɗura a ciki ba sai an gwada. Ta gaskiyar ma ba a yin ta sai likita ya duba mutum. Da a ɗaki kika faɗi ke kaɗai, da yanzu wani zancen ake."

Umma ta fashe da kuka. "Ni ina ɗura miki tukuɗi, ke kina tsira wa kanki ajali? Afrah, me na rage ki da shi?"

"Ki yafe min, Umma... rigar ce ta ƙi shiga..."

Jamilu na tsaye a bakin ƙofa. "Wace riga?"

Ta nuna wayarta da ido, ta ce ya buɗe bidiyon lefe. Ya kalli bidiyon har ƙarshe, ya juya ya fita.

Zuciyarta ta tsinke. Shi ke nan. Wa zai auri wadda ta kusa kashe kanta a kan zif?

Washegari da hantsi aka turo ƙofa. Anti Bilkisu ce, ba kwalliya, ba dariya, rigar dinar a kafaɗarta, tef ɗin awo a hannu. Jamilu na bayanta.

"Ƙanwata," ta ce, "bakina ne ya kawo ki gadon nan. Wasa na ɗauke shi wallahi. Ki yafe min."

Hawaye suka zubo wa Afrah.

"Ɗaga hannunki in auna. Abin da ya kamata in yi tun farko ke nan."

"Anti, ai na kusa shiga... saura kaɗan..."

"Ba za ki shiga ba," Jamilu ya katse ta. "Kuma ba awon yau za a ɗauka ba. Anti, ki ƙara a awon saboda tukuɗin Umma." Ya matso kusa da Afrah ya rage murya. "Ranar da na fara ganinki a bikin abokina Mahmudu, kina cin alkaki kina dariya, wannan Afrah ɗin nake so a kai min gida. A ƙara wa riga yadi. Kar a sake rage min mata."

Umma ta share ido, ta jawo filas ɗin kunun gyaɗa ta tsiyaya a kofi.

"To kin ji. Buɗe baki."

Afrah ta karɓa da hannu biyu, ta shanye tas.