Tulun da Ya Tsage a Tagar Baba

Ranar da ta fara ganinsa, dusar katako ta rufe masa har gashin ido. Sabon ma'aikaci ne a shagon mahaifinta, inda ake juya itace a inji a fitar da tulunan furanni da akusan ado. Ita ce mai shafe su da mai ko banish, su yi ƙyalli. Ya miƙo mata wani ɗan tulu, kansa a sunkuye.

"Wannan mai kawai yake so da kakin zuma. Banish zai ɓoye masa zane."

"Kai za ka koya mini aikina, Sarkin Ƙura?"

Ta shafa man, zanen itacen ya fito raɗau, ta ga gaskiyarsa. Sunan ya bi shi, zuciyarta ma ta bi shi.

Babban ma'aikacin shagon kuwa, wanda ya daɗe yana zuba wa Baba ladabi saboda ita, abin ya tsaya masa a rai. Da wani otal ya dawo da tuluna ashirin duk a tsage, sai ya rantse Sarkin Ƙura ne ya juya su da ɗanyen itace. Baba ya kori yaron a gaban kowa, ya ce kada ya ƙara jin zancensa a bakinta.

Ta san ƙarya ce, don babban ma'aikacin ne ya kawo mata tulunan da kansa yana azalzalarta. Ta faɗa wa Baba, ya ce so ne ya rufe mata ido. Ba ta yi kuka ba. Ba ta cikin masu kuka, tana cikin masu ajiye abu a rai har ranarsa ta zo.

Saƙon Sarkin Ƙura ya shigo wayarta: "Sanyin idona, ki bar shi da Allah. Ni dai kada ki manta da ni."

Ta mayar: "Na bar shi da Allah, Sarkin Ƙurata. Amma ni ma ban bar shi ba."

Ba a jima ba babban ma'aikacin ya zo da kyauta, ƙaton tulu da ya juya don ya burge Baba. Tana ɗagawa ta ji nauyi da sanyin itacen da bai bushe ba. Kalma ɗaya ta ishe ta cece shi. Ta haɗiye ta.

"Mai ko banish, Yaya?"

"Banish mana, shafa uku. Ina so ya yi walƙiya."

Ta shafa masa uku cif, da kyau kuwa. Ta kai tulun falo ta ɗora a kan tagar da rana ke duka tun safe, tana gaya wa duk wanda ya shigo hannun wa ya yi shi.

Sati biyar tana goge shi kullum. Ran nan Baba na shan shayi, mai kyautar na gefe yana ta zuba, sai tulun ya yi ƙara ya tsage daga baki har gindi. Baba ya tashi ya sa yatsa a tsagar, ya shinshina, ya ji warin ɗanyen itace.

"Wannan ma yaron da na kora ne ya juya shi?"

Babban ma'aikacin ya shiga kame-kame. Ita kuwa ta ƙara wa Baba shayi har ya cika kofi, ranta fes.

Da ƙafarsa Baba ya je ya ba Sarkin Ƙura haƙuri. Ranar ɗaurin aurensu, Baba ya riƙe hannuwansu biyu.

"Na zalunce ka, ɗana. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari."

Da suka keɓe, ango ya daɗe yana kallon amaryarsa.

"Sanyin idona, Allah ya sa kada in taɓa ɓata miki rai."

Ta yi murmushi, ta kwantar da kanta a kafaɗarsa.

"Amin. Ka riƙe addu'ar nan da kyau, kai za ta yi wa amfani."